Kafin Ka Kira Mai Tifa: Yadda Ake Lissafin Kuɗin Yashi da Ƙasar Gyaran Harabar Gida a Kaduna

Ka tambayi duk wani mai tifa a Kaduna nawa ne yashi, ba zai ba ka farashi ba sai ya mayar maka da tambaya: “Ina za a kai?” Kuma yana da gaskiya. Yashin da ke jibge a bakin Kogin Kaduna da jar ƙasar da ake haƙowa a bayan gari ba su da wata tsada a inda suke. Ɗaukowar ce ke cin kuɗi: man gas, taya, lodi, da lokacin da mota za ta ɓata a hanya. Shi ya sa mutumin Kabala ko Unguwar Rimi, wanda kogi ke bayan gidansa, da mutumin can ƙarshen Rigasa ko Rigachikun ba za su sayi yashi kuɗi ɗaya ba, ko da daga tudu ɗaya aka ɗebo musu.

Sannan “tifa guda” ba ma'auni ba ne. Mutum zai ji maƙwabcinsa ya ce ya sayi tirif, wato sawun tifa ɗaya, kuɗi kaza, sai ya ɗauka an cuce shi ko kuma ya yi sa'a, alhali motocin biyu ba girmansu ɗaya ba. Farashin kansa ba ya zama wuri ɗaya. Tun 2022 da man gas ya yi tashin gwauron zabo, a 2023 kuma aka cire tallafin fetur, darajar naira ta faɗi, taya da kayan gyaran mota suka bi sahu, kuɗin tirif yake ta canzawa. Abin da aka saya bara labari ne kawai. Don haka abin da zai fisshe ka shi ne ka san irin ƙasar da kake so, ka san yawanta da awo, ka kuma iya mayar da duk farashin da aka faɗa maka zuwa ma'auni ɗaya.

Mataki na farko: haƙa ka ga abin da kake da shi

Kafin ka sayi ko shebur ɗaya, sa a haƙa maka ramuka biyu ko uku a harabar, kowanne zurfin kamar ƙafa biyu. Ka tsuguna ka dubi bangon ramin. A yawancin tudun Kaduna za ka ga ƙasa mai ɗan duhu a sama, kaurinta bai wuce taƙi ɗaya ba, daga nan sai ja, wani wurin ma diga za ta fara ƙara saboda an iso marmara. A gidan da aka gama gini kwanan nan kuwa, sau da yawa abin da za ka tarar a sama ɓaraguzan bulo ne da busasshen siminti da ledoji da guntayen tayil, duk an bi su da ƙasa an rufe. Waɗannan a kwashe su tukuna. Wanda ya zuba ƙasar noma mai tsada a kansu zai ga ciyawarsa tana yin rawaya tsibi-tsibi, ya rasa dalili.

Ka cika ramin da ruwa da yamma. Idan gari ya waye ruwan ya tsotse, filinka yana shan ruwa. Idan ya kwana ya wuni yana nan, akwai laka ko marmara a ƙasa, kuma aikin da ke gabanka na fitar da ruwa ne kafin na ado.

In kuwa ba a fara gini ba tukuna, to kai ne mai sa'a. Ka sa a kankare wannan ƙasa ta sama a tara ta a kusurwa ɗaya kafin a fara haƙa harsashi, a hana leburori kwaɓa siminti kusa da ita. Fili mai ƙafa 50 a 100, in aka kankare santimita 10 kacal daga rabinsa, ya ba da ƙasar noma fiye da kubik 20, wato abin da ƙaramar tifa za ta yi sawu huɗu zuwa biyar tana kawowa. Magina ba sa yin haka da kansu, don su a wurinsu ƙasa ƙasa ce. Za su tura ta ciko a cikin ɗakuna, inda ba ta ma da kyau da ciko, bayan shekara biyu kuma ka sake sayo irinta da kuɗinka.

Mataki na biyu: kowace ƙasa da aikinta

Nan ne aka fi yin asara, domin mai gida yakan ce wa direba “a kawo min ƙasa”, shi kuma ya kawo wadda ta fi masa kusa.

Yashi mai tsakuwa-tsakuwa, wanda ake ɗebowa daga kogi, shi ne na kankare da buga bulo, shi ne kuma ake shimfiɗawa a ƙarƙashin intalok, wato bulon da ake jerawa a daɓe tsakar gida. Idan ka murza shi a hannu za ka ji yana da kaifi, ba ya kama jiki. A wurare da dama a gefen kogin za ka ga masu kwalekwale suna nutso suna ɗebo shi suna tarawa a gaɓa, wasu wuraren kuma inji ne ke zuƙowa. Yashin filasta ya fi shi laushi, kuma sau da yawa yana ɗauke da ƙura da laka. Aikinsa shafe bango. Kada a sa shi ƙarƙashin intalok, don ruwa na wanke shi, bulon ya fara rawa yana lotsawa. Wasu suna amfani da garin dutse daga wajen fasa dutse a madadin yashin shimfiɗa, kuma yana kamawa sosai, sai dai a kwatanta kuɗinsa.

Jar ƙasa, musamman mai burji a ciki, ita ce ta ciko. Tana daɓuwa ta yi tauri, ita ce ke ɗaukar nauyin mota a wajen fakin. Yawanci ta fi sauran araha. Amma ba ta da abincin shuka, kuma da rani takan ƙeƙashe har saiwa ta kasa ratsa ta. Duk wanda ya ce maka ka cike harabar gaba ɗaya da ja sannan a “ɗan yayyafa baƙa a sama”, yana so ne ya gama aiki ya tafi.

Ƙasar noma ita ce mai rikici, domin duk abin da ya yi duhu sunansa “baƙar ƙasa” a bakin mai sayarwa. Iri uku ne ke yawo. Akwai ta saman gona ko ta filin da ake sharewa za a yi gini, wadda ke wargajewa a hannu tana da ƙanshin damina, ita ake nema. Akwai ta fadama, baƙa wuluk, mai ɗaukar ido, amma laka ce: da damina ta riƙe ruwa ta yi caɓi, da rani ta tsage ta yi tauri. Sai ta juji, wadda ta ruɓe ta yi baƙi, tana da ƙarfin taki ba shakka, amma cike take da leda da fasassun kwalabe da tsofaffin batura da allurai. Ni dai ba zan ba wa kowa shawarar ya shuka alayyafo ko tumatir ɗin da iyalinsa za su ci a cikinta ba, balle a shimfiɗa ta inda yara ke gudu ba takalmi.

Wata gurguwar dabara da ta yaɗu ita ce a gyara laka da ɗan yashi. Baro biyu na yashi a cikin tifar laka ba ya sassauta ta, ƙara mata tauri ma yake yi. Ruɓaɓɓen taki ne ke buɗe laka, kuma a hankali yake yi.

Mataki na uku: awo

Sayi tef ɗin awo, ka nemi takarda. Ma'aunin da za ka riƙe shi ne kubik, wato abin da zai cika rami mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya. Kubik ɗaya lita 1,000 ne. Baro irin na magina yana cin lita 60 zuwa 70, saboda haka kubik ɗaya kusan baro 15 ne, kowane baro kuma kwanon sarki huɗu. Busasshen yashi kubik ɗaya yana da nauyin kusan tan ɗaya da rabi, jiƙaƙƙe ya fi haka. Wannan zai yi maka amfani idan direba ya fara maganar tan.

Lissafin kuwa tsawo sau faɗi sau kauri ne, duk da mita. Kaurin shi ne abin sani. Ciyawar ado tana son ƙasar noma santimita 10 zuwa 15. Kunyar kayan miya tana son 25 zuwa 30. Ramin bishiya, mangwaro ne ko gwaiba ko lemo, a yi shi santimita 60 ta kowane ɓangare. Ƙarƙashin intalok a sa jar ƙasa daɓaɓɓiya santimita 15 inda mota za ta hau, sannan yashi santimita 3 zuwa 4 kawai. Yashin shimfiɗa in ya yi kauri, tayar mota sai ta yi masa kwari.

Bari mu ɗauki gida a kan fili mai ƙafa 50 a 100. A gaba ana so a sa intalok a wuri mai mita 6 a 10, wato murabba'in mita 60. Jar ƙasa: 60 sau 0.15, kubik 9. Amma ƙasar da ke cikin tifa a sake take, in an jiƙa an daɓe za ta ragu, don haka a ƙara kashi ɗaya cikin huɗu, ya zama kubik 11 da ɗoriya. Yashi: 60 sau 0.04, kubik 2.4, a ce 3 saboda wanda za a share cikin tsagogin bulo da wanda za a kwaɓa na bulon gefe.

A gefen gida ana son ciyawa a wuri mai mita 5 a 8. Wato 40 sau 0.15, kubik 6, a ƙara na kwanciya ya zama 7. A baya uwargida tana son kunya uku na kayan miya, kowacce mita 1.2 a 4, kauri santimita 30: kubik 4.3, a ce 5. Ramukan bishiya huɗu ba su kai kubik ɗaya ba, a ce ɗaya. Jimla kubik 13 na ƙasar shuka. Da yake kusan kashi ɗaya cikin biyar na wannan taki ne, abin da za a saya shi ne ƙasar noma kubik 10 da taki kamar kubik 3.

Yanzu kana da takarda mai lamba huɗu: ja 11, yashi 3, ƙasar noma 10, taki 3. Da ita za ka fita. Ka lura yashin da kowa ke fara tambayar kuɗinsa yana cikin mafi ƙanƙanta a lissafin. Kubik 3 bai cika ko ƙaramar tifa ba, don haka in akwai maƙwabcin da ke gini, ku haɗa ku sayi mota guda ku raba da baro.

Mataki na huɗu: auna motar

Tifofin da ke aiki a gari kashi biyu ne a taƙaice. Ƙananan, masu taya shida, yawancinsu tsofaffin motoci ne, suna ɗaukar kubik 4 zuwa 6. Manyan, masu taya goma, irin su Howo, suna ɗaukar kubik 12 zuwa sama. Amma kada ka tsaya a ƙirga taya. An sha yi wa bodi ƙari da katako ko a rage shi wajen walda. Hau ka auna cikin bodin da tef ɗinka, tsawo da faɗi da zurfi. Direba zai yi dariya, ya ce “Oga, kai injiniya ne?” Ka yi dariyar tare da shi, ka rubuta lambarka.

Ga yadda ake kwatantawa, da lambobin misali, kai sai ka sa waɗanda aka faɗa maka. A ce direba na farko bodinsa mita 3.5 a 2.1, zurfi 0.6, wato kubik 4.4, ya ce naira 45,000. Kubik ɗaya ya kama kusan 10,200. Na biyu mai taya goma ne, bodinsa 5.4 a 2.3, zurfi 1.2, kusan kubik 15, ya ce 120,000. Kubik ɗaya ya kama kusan 8,000. A takarda babbar ta fi araha nesa ba kusa ba.

Sai dai tambayar ita ce, za ta shiga layinku? A tsofaffin unguwanni irin Tudun Wada, Unguwar Sanusi ko Badarawa akwai lungunan da ko ƙaramar sai da dabara. In babbar ta juye a bakin titi, mita 60 daga ƙofarka, kubik 15 baro 225 ne. A ce leburori sun karɓi naira 150 kowane baro, an ƙara 33,750, kubik ɗaya ya koma 10,250. Arahar ta tafi, ga kuma kwana biyu ana rigima da masu wucewa. Ban da haka, mota mai taya goma da kaya tana iya fasa murfin kwalbatin ƙofar gida, ko ta rufta ramin sokawe in an bi ta kansa, ko ta tsinke wayar wuta lokacin da take ɗaga bodi. Gyaran ɗaya daga cikinsu ya fi ribar da aka ci. Farashin gaskiya shi ne na kubik ɗaya a daidai inda za a yi aiki da shi.

Mataki na biyar: je ka gani da idonka

“Ka bar min, mai kyau zan kawo maka” ita ce maganar kowane direba, kuma mai kyau a wurinsa ita ce wadda ramin ɗibarta bai da layi. Gani ya kori ji. Ka bi shi wajen ɗiba, ko aƙalla ya kawo maka cikin leda daga ainihin tudun da za a yi lodi.

Gwajin yashi ba wuya. Ka damƙa a hannu ka saki: in ya bar maka jan datti a tafi ko ya dunƙule, akwai laka. Ko ka zuba shi rabin gorar ruwa ta roba, ka cika da ruwa, ka girgiza, ka ajiye. Yashi zai kwanta nan take, laka ta biyo baya a hankali ta yi layi a sama. In layin ya kai kashi ɗaya cikin goma na tsayin abin da ya kwanta, kada a kwaɓa siminti da shi.

Ƙasar noma kuma ka ɗan jiƙa ta ka mulmula. Wadda ake so tana dunƙulewa, amma da ka danna da yatsa sai ta wargaje. In ta ƙi dunƙulewa sam, jigawa ce, ba za ta riƙe ruwa ba, da rani za ka gaji da ban ruwa. In ta miƙe kamar igiya tana sheƙi, laka ce. Ka shinshina: warin kwata ko na man mota alama ce a bar ta. Sannan ka tona ka nemi 'ya'yan aya-aya da farar saiwar tofa mai tsini. Waɗannan biyu in suka shigo gidanka a cikin tifa, kai da su sai shekaru, domin ko guntun saiwa aka bari sai ya tsiro, tofa ma har tsagogin intalok take ɓullowa. Kiri-kiri da sauƙi in ciyawa za ka yi, amma a kunyar kayan miya masifa ce. In kana da hali, ka zuba samfurin a tsohon bokiti ka yi ta ba shi ruwa kwana goma, duk abin da ke ɓoye zai fito ya gaishe ka.

Mai babban aiki, kamar lambun gidan gona ko filin makaranta, yana iya kai samfur sashen nazarin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru a Zariya a gwada masa. Na tsakar gida gora da bokiti sun isa.

Tunda ka je wurin, ka dubi inda ake haƙar. Dokar ma'adinai ta 2007 ta sa yashi da jar ƙasa da tsakuwa cikin abubuwan da sai da izini ake haƙarsu don sayarwa. Ba aikinka ba ne binciken takardu, amma in ka ga ana kwarzane gindin gada, ko gefen gidajen mutane, ko an yi rami a bayan unguwa da zai zama kududdufi da damina yara su riƙa faɗawa, ka nemi wani wurin. Motar da aka kama a hanya ma da kuɗinka a cikinta aka kama ta.

Mataki na shida: ciniki da lokacinsa

Kuɗin tirif ya ƙunshi na mai rami ko masu ɗebo yashi, na masu lodi da shebur ko na inji, tikitin ƙungiya da haraji, man gas zuwa da dawowa, sallamar direba da yaransa, da abin da za a kai wa mai mota. In ta hannun dillali ko maginin gidanka ka bi, akwai la'ada a ciki ko ba a faɗa maka ba. Ba laifi ba ne, amma ka je tashar 'yan tifa mafi kusa da kai ka ji farashi daga bakin mutum uku, sai ka san nawa ne la'adar. Ka fara da tashar ɓangarenku na kogi, don duk motar da za ta tsallaka gada ta ratsa cunkoson gari sai ta saka maka wannan a kuɗi.

Abin da za ku yanke kafin mota ta tashi: irin kayan da wurin ɗibarsa, cikar lodi, inda za a juye, da cewa in aka kawo wani abu daban mota za ta koma da shi. Game da cika, ku yi magana a fili, a shafe da bakin bodi ne ko har da tozo. In sawu da yawa kake so, ka yi cinikinsu a dunƙule, za a rage maka. Kafin alƙalami kada ya wuce kuɗin mai, sauran sai kaya sun sauka.

Lokaci ma farashi ne. Daga Yuli zuwa Satumba kogi ya cika, masu nutso ba sa samun yadda suke so, hanyoyin ramuka sun yi taɓo, motoci na maƙalewa, yashi ya yi wuya ya yi tsada. Ƙasar noma kuma a jiƙe take zuwa, ta yi nauyi ta dunƙule. Daga Janairu zuwa Maris ruwa ya ja baya, hanya ta bushe, ko da yake lokacin ne kowa ke gini. Tsarin da ya fi shi ne a sayi ja da yashi a gama ciko da intalok da rani, a kawo ƙasar noma wajen Afrilu, a dasa ciyawa da bishiyoyi in ruwa ya zauna a Mayu ko Yuni, sama ta yi maka ban ruwa kyauta. Taki kuwa a saye shi tun da wuri, don da damina ta matso manoman masara suke rububin kashin kaji, buhu ya tashi.

Ranar da kaya za su zo

Ka kasance a wurin, ko ka sa wanda ba ya jin nauyin cewa a'a. A hau a duba kafin a ɗaga bodi, don in an juye magana ta ƙare. A soka shebur ko sanda a tsakiya, saboda akan yi lodin tarkace a ƙasa a rufe da mai kyau. Lodin da aka tara a tsakiya ya yi tsini, kusurwoyi huɗu kuwa wayam, ba cikakke ba ne. Ka kuma sani yashi mai danshi yana kumbura, har ya kai kashi ɗaya cikin huɗu, in ya bushe sai ka ga tudun ya sauka.

Kowane kaya a juye shi daban. Ja in ta gauraya da ƙasar noma ba mai raba su. Kada a juye a kan lambatu ko a tare titi: ruwan sama ɗaya zai kwashe rabin yashin ya toshe magudanar unguwa, ga maƙwabta, ga jami'an hukumar tsara birane ta KASUPDA ko na hukumar kare muhalli ta KEPA in suka biyo ta layin. In dole sai a waje, a kewaye tudun da bulo, a kwashe shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya bar yashi a waje mako guda zai gane cewa kowa a layin yana da ɗan gyaran da yake so ya yi.

Zubawa

Ruwa ake fara yi wa hanya. Kaduna na samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, kuma kowace milimita lita ɗaya ce a kan kowane murabba'in mita. Rufin gida mai murabba'in mita 150, in aka yi ruwa mai milimita 30 a dare ɗaya, lita 4,500 zai zubo a harabarka. Sai an san inda za su bi. A kafa turaku a ja igiya, a ba wa ƙasa gangare na santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, daga jikin gini zuwa magudana. Saman ƙasar waje ya kasance aƙalla santimita 15 ƙasa da daɓen ɗakuna, in ba haka ba danshi zai hau bango, fenti ya fara ɓarewa. A unguwannin da ke kusa da kogi, inda ambaliya ke shiga, mutane na son ɗaga harabarsu da ciko sosai. Kafin ka yi haka ka dubi gidan da ke ƙasa da kai, don ruwan da ka kora wurinsa za shi.

Jar ƙasa a zuba ta hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce santimita 15, a yayyafa ruwa, a daɓe da inji ko da madaɓi mai nauyi, sannan a ƙara wani. Leburori sun fi son su juye duka su baje su taka da ƙafa. Kuɗin hayar injin daɓe na yini ɗaya bai kai na tayar da intalok ɗin da ya lotsa a sake shi ba.

Inda za a yi shuka kuma akasin haka ake yi. A farfasa ƙasar da ke wurin da diga zurfin taƙi ɗaya kafin a zuba sabuwa, don su haɗu, ruwa da saiwa su samu hanyar sauka. Ba a daɓe ƙasar noma, ba a kuma bari mota ko baro su yi ta bi ta kanta. A gauraya ta da taki, baro huɗu na ƙasa, ɗaya na taki. Babban buhu irin na masara yana cin kusan baro biyu, saboda haka kubik 3 ɗin lissafinmu buhu ashirin da 'yan kai ne. Kashin shanu daga Zangon Tudun Wada ko daga rugage yana da sanyi, amma yana zuwa da irin ciyawa. Kashin kaji ya fi ƙarfi, ɗanyensa yana ƙone shuka, kuma garin katakon da ke cikinsa in bai ruɓe ba yana kiran gara. Ko wanne ka saya, a tara shi a inuwa, a jiƙa, a riƙa juyawa har wata biyu, sai zafinsa ya mutu warinsa ya tafi.

Bayan an baje, a ba wa wurin ruwa sosai a bar shi mako guda ko biyu kafin dashe, a cire duk abin da ya tsiro. Ka ware baro goma na ƙasar noma da biyar na yashi, ka rufe su da buhu a bayan gida. Ruwan farko mai ƙarfi zai nuna inda ƙasa ta zauna ta yi kwari, tsagogin intalok kuma za su buƙaci a sake share musu yashi, kuma ba mai tifar da zai taso maka saboda baro goma.